Mataimakin Koci: Bin Diddigin Wani Suna a Ƙwallon Kwando

A ranar 4 ga Agusta 2024, a birnin Lille na ƙasar Faransa, 'yan ƙwallon kwando mata na Nijeriya suka doke na Kanada da maki 79 da 70, suka shiga jerin ƙungiyoyi takwas na ƙarshe a gasar Olamfik. Kafin wannan rana babu wata ƙasar Afirka da ta taɓa kaiwa nan a ƙwallon kwando, ko a maza ko a mata. Wadda ta ja ragamarsu, Rena Wakama, shekarunta 32 a lokacin, kuma da aka tashi daga gasar ita hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta zaɓa gwarzuwar masu horar da mata. Sai dai aikinta na yau da kullum, wanda take karɓar albashi a kansa, sunansa daban ne. A lokacin mataimakiyar koci ce a Jami'ar Tulane da ke birnin New Orleans a Amurka.

Duk wanda ya saba zama a majalisar matasa a Tafashiya, ko gidan kallon ƙwallo a Kankiya ko Kusada, ya san yadda wannan labari zai faɗa a kunne. Wani zai ce, to ashe ma mataimakiya ce? Wani kuma ya ce lallai Nijeriya ta rasa wanda za ta ɗauko. A wajenmu idan aka ce koci, hankali kan tafi ne ga ƙwallon ƙafa da mutum ɗaya tilo da ke tsaye a bakin fili yana ɗaga hannu. Waɗanda ke zaune a bayansa kuwa ba a ma san sunayensu ba. Shi ya sa na ga ya dace a zauna a warware wannan laƙabi, mataimakin kocin ƙwallon kwando na kwaleji, domin kusan kowace kalma a cikinsa tana ɗauke da wani abu da ba ya fitowa fili, wata ma ɓatar da mai sauraro take yi.

Ta ƙwallo ba ta da wahala. Hausa ta yi wa wasannin da suka zo mata daga waje rabon suna cikin sauƙi: ta ɗauki ƙwallo, wanda da ma ta sani a cikin goruba da dabino da mangwaro, ta riƙa jingina masa abin da ya raba wannan wasa da wancan. Aka samu ƙwallon ƙafa, ƙwallon hannu, ƙwallon raga, ƙwallon tebur, ƙwallon gora, da ƙwallon dawaki, wanda Katsinawa suka yi fice a kansa tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko da ɗansa Usman Nagogo. Wanda ya fi burge ni shi ne zari-ruga, domin duk wanda ya raɗa wannan suna ya kalli wasan da idonsa kafin ya buɗe baki.

Kwando ne ke da labari. A watan Disamba na 1891, a garin Springfield na jihar Massachusetts, an umarci wani malamin motsa jiki ɗan ƙasar Kanada, James Naismith, ya ƙirƙiro wasan da ɗalibai za su riƙa yi a cikin ɗaki lokacin hunturu, sa'ad da ƙanƙara ke hana fita. Ya nemi a ba shi akwatuna biyu, mai kula da ginin bai samu ba, sai ya kawo masa kwanduna biyu na zuba 'ya'yan itace. Aka kafa su a jikin barandar zauren, tsawon ƙafa 10 daga ƙasa, wato mita 3.05, kuma har yau a nan tsawon ya tsaya. Kwandunan nan da gindinsu, saboda haka duk lokacin da ƙwallo ya faɗa ciki sai an hau an ciro shi. Daga baya aka yar da kwandon, aka koma zoben ƙarfe da raga mai buɗaɗɗen ƙasa. Yaron da ya ga wasan yau a talabijin, zobe da raga zai gani, ba zai ga kwando ba. Da Hausa ta bi abin da ido ke gani da ta ce ƙwallon zobe, tunda raga an riga an ba wani wasan. Amma ta bi sunan da ta tarar, ta adana mana wani kwando da aka jefar fiye da shekara ɗari da suka wuce. Ban ga laifin haka ba.

Inda matsala ta fara ita ce kwaleji. Bakatsine ya san kwaleji tun kafin sauran Arewa. A Katsina aka kafa Kwalejin Horar da Malamai a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922, a nan su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu. An mayar da ita Kaduna a 1938, daga nan Zariya a 1949, inda daga baya ta zama Kwalejin Barewa. Daga wannan tarihi kwaleji ta zauna a bakinmu da ma'anar makarantar gaba da firamare, ko kuwa makarantar da ke tsakanin sakandare da jami'a, irin Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-ma, ko makarantar koyon aikin lafiya da ke nan Kankiya. Idan ka ce wa mutumin Kusada wance tana horar da 'yan ƙwallon kwaleji, abin da zai hango shi ne malamar wasanni da usur a wuya, tana tara 'yan mata bayan la'asar.

A Amurka kuwa wannan kalma jami'a take nufi, kuma wasan jami'o'i a can harka ce ta maƙudan kuɗi. Jami'o'i fiye da 350 ne ke rukuni na ɗaya na hukumar NCAA. Duk watan Maris ƙungiyoyi 68 ke shiga gasar sili-ɗaya-ƙwale da ke ɗauke hankalin ƙasar baki ɗaya. Zauren da Jami'ar Kentucky ke wasa a ciki yana cin mutum fiye da 20,000. A jihohi da dama ma kocin wata jami'ar gwamnati ya fi gwamna albashi nesa ba kusa ba. Ta wannan hanya Hakeem Olajuwon ya bi. Ɗan ƙwallon hannu ne kuma gola a Legas, a wata gasar makarantun horar da malamai da aka yi a Sakkwato a 1978 ya fara gwada kansa a ƙwallon kwando, ya tafi Jami'ar Houston, a 1984 aka zaɓe shi na farko cikin sababbin 'yan wasan gasar ƙwararru ta NBA. Don haka duk ɗan jaridar da ya rubuta kwaleji a nan ya rage wa abin girma. Jami'a ya kamata ya rubuta.

Sai koci. Wannan kalma ta yi doguwar tafiya kafin ta iso gidajen kallonmu, kuma ba a fili ta faro ba, a kan hanya ne. Akwai wani ƙauye a ƙasar Hungari mai suna Kocs, a kan hanyar da ta haɗa Biyana da Buda, inda a ƙarni na 15 aka shahara da ƙera wata irin karusa mai daɗin hawa. Mutanen ƙasar suka riƙa kiranta kocsi, wato ta garin Kocs. Sunan ya bazu cikin harsunan Turai, ya shiga Ingilishi da ma'anar karusa. Wajen 1830 ɗaliban Jami'ar Oxford suka fara kiran malamin da ake biya ya shirya mutum don jarrabawa da wannan suna, wai shi ne ke ɗaukar ɗalibi ya tsallakar da shi. Bayan wasu shekaru kalmar ta koma fagen wasanni. Abin da zai ba ka dariya, Ingilishi ya guntule mata wutsiya, Hausa kuma da ba ta son kalma ta ƙare da baƙi sai ta liƙa mata wasali a ƙarshe, ta ce koci. Yadda Bahaushe ke furta ta yau kusan daidai yake da yadda mutanen Hungari ke furta sunan karusarsu. Ba da gangan muka yi ba, amma mun mayar da kalmar gida.

Akwai kuma kociya, wadda wasu jaridu da gidajen rediyo suka fi so. Za ka ji an ce kociyan Super Eagles, ana nufin namiji ƙato da gemu, alhali siffar kalmar irin ta mata ce, kamar ɗiya ko maƙwabciya. Muddin maza ne kaɗai ke aikin, babu wanda ya damu. Da mata suka shigo sai aka ga amfaninta: kocin ga namiji, kociyar ga mace. Ni da za a bi ta tawa da an bar kowa da tasa, amma harshe ba ya jin umarni.

Masu ƙyamar aro suna cewa mai horarwa, ko mai horar da 'yan wasa, ko mai horas da su. Wannan bambanci na horar da horas ba kuskure ba ne, karin harshe ne. Siffar da ke da s ita ce tsohuwa, kuma an fi jin ta a yamma, wajen Katsina da Sakkwato, inda ake cewa sayas da fitas, Kano kuwa ta fi karkata ga r. Mu da muke kan hanyar da ta haɗa Kano da Katsina duk biyun muna jin su, ba ma ko lura. Abin lura shi ne ita kanta kalmar horo. Da ita ake horar da doki, da ita ake horon yaro idan ya yi laifi, da ita malamai ke maganar horo da hani. Akwai bulala a cikinta, akwai iko. Wanda ya ƙirƙiro wasan da kansa bai yarda akwai wani abu mai kama da haka a cikinsa ba. An ruwaito cewa Naismith ya gaya wa ɗalibinsa Forrest Allen cewa wannan wasa yin sa kawai ake yi, ba a koyar da shi. Ya riƙe ƙungiyar Jami'ar Kansas daga 1898 zuwa 1907, ya ci wasa 55 aka ci shi 60, kuma shi kaɗai ne a tarihin jami'ar aka fi cin sa fiye da yadda ya ci. Ɗalibin da bai ji maganarsa ba, shi ake kira uban masu horar da ƙwallon kwando a yau.

To, ga mu a kan mataimaki, inda gizo ke saƙar. Kalma ce mai tsabta, daga taimako, kuma ta yi wa Hausar rediyo hidima fiye da ƙima. Da ita muke kiran mataimakin shugaban ƙasa, da mataimakin gwamna, da mataimakin shugaban makaranta, da mataimaki na musamman wanda aikinsa riƙe wa mai gida waya. Siyasa ce ta ɓata mata suna. Mun ga mataimakan gwamnoni da ba a gayyatarsu taro, da waɗanda aka tsige don sun yi tari ba da izini ba, har ana yi musu laƙabi da safaya. Katsinawa ba su manta da 2010 ba. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana jinya, Goodluck Jonathan yana mataimaki ba ya iya sa hannu a komai, sai da majalisa ta mai da shi muƙaddashi a watan Fabrairu, sannan ya zama shugaba bayan rasuwar 'Yar'aduwa ranar 5 ga Mayu. A cikin wata uku mutum ɗaya ya ɗauki sunaye uku, kowa ya ga bambancinsu da idonsa. Darasin da kunnenmu ya ɗauka daga irin wannan shi ne mataimaki mai jira ne, aikinsa yana farawa ne ranar da mai gida ya kauce.

A bencin ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka abin ba haka yake ba. Shekaru da yawa doka ta ƙayyade wa kowace ƙungiya ta rukuni na ɗaya mataimaka uku, sai a 2023 aka yarda a ƙara biyu. Waɗannan mutane su ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin. Kafin kowane wasa akan ɗora wa ɗaya daga cikinsu nazarin abokan karawa, ya kwana yana kallon hotunan wasanninsu, ya gano wane ɗan wasa ne ba ya iya tafiya da ƙwallo ta hagu, wane ne ke hucewa idan aka matsa masa, ya rubuta, ya zo ya tsaya gaban yara ya bayyana musu. Wani shi ke zama da dogayen 'yan wasa yana gyara musu taku, wani da masu rarraba ƙwallo. Su ne ke bin sawun karatun yaran, domin wanda makinsa na aji ya faɗi doka ta hana shi wasa. Su ne yaro ke bugo wa waya da tsakar dare idan kewar gida ta kama shi.

Babban aikinsu kuwa shi ne nemo sababbin 'yan wasa. Masu labarin wasanni a Hausa sun daɗe da samo wa wannan suna mai daɗi, zawarci. Za ka ji an ce ƙungiya kaza tana zawarcin wane. Sunan ya zauna daram a ƙwallon ƙafa, inda wanda ake nema ya taɓa zama a wani gidan. A jami'a kuwa yawanci yaro ne ɗan shekara 16 ko 17 da bai gama sakandare ba, don haka abin ya fi kama da neman aure na fari: a je gaban iyaye, a zauna a falo, a sha alwashin za a riƙe musu ɗa da amana. Mataimaki ne ke yin wannan sintiri shekara biyu ko uku, sai magana ta kusa faɗawa sannan babban koci ya zo ya nuna fuska. Kuma idan abin ya ɓaci shi ake fara kamawa. A watan Satumba na 2017 hukumar FBI ta kama mataimakan koci huɗu daga jami'o'in Auburn, Arizona, Oklahoma State da Southern California bisa zargin karɓar cin hanci don karkata 'yan wasa zuwa ga wasu dillalai. Babu babban koci ko ɗaya a cikin waɗanda aka kama ranar.

Tarihin Rena Wakama ya nuna yadda ake hawa wannan tsani. An haife ta a 1992 a Raleigh, jihar North Carolina, iyayenta 'yan Okrika ne ta jihar Ribas. Ta yi wa Jami'ar Western Carolina wasa shekara huɗu, ta zo gida ta yi wa ƙungiyar First Bank ta Legas wasa. Da ta ajiye wasa ba benci ta hau kai tsaye ba. A Kwalejin Manhattan da ke New York ta fara da muƙamin mai kula da shirye-shiryen ƙungiya, wato tikitin tafiya da masauki da abinci da jadawalin atisaye, aikin da a ƙa'ida mai yin sa ba koci ba ne. Bayan shekara biyu aka ɗaga ta zuwa mataimakiya. A 2023 ta koma Jami'ar Stony Brook ƙarƙashin Ashley Langford, da Langford ta samu aiki a Tulane a 2024 ta tafi da ita, domin a wannan sana'a mataimaki yakan bi mai gidansa duk inda ya sa gaba. A ƙarshen Yuni 2023 hukumar ƙwallon kwando ta Nijeriya ta ba ta ƙungiyar mata ta ƙasa, D'Tigress, saura kimanin wata ɗaya a fara gasar Afirka a Kigali. Ta ci kofin, ta doke Sanagal da maki 84 da 74 a wasan ƙarshe, ta zama mace ta farko da ta ci shi tana koci. A 2025 ta sake ci a Abijan a kan Mali, a daidai shekarar da ta koma ƙungiyar ƙwararru ta Chicago Sky, nan ma a matsayin mataimakiya. 

Abin da ke ba ni mamaki shi ne Hausa tana da wadatar sunaye ga mutum na biyu, amma muka tattara su duka muka cusa a cikin mataimaki. Masallaci yana da na'ibi. Fada tana da waziri da ciroma da wakili. Ofis yana da muƙaddashi da mai riƙon ƙwarya. Kowanne da irin zamansa, kuma idan ka duba bencin Amurka za ka ga mutanen da waɗannan sunaye suka fi dacewa da su.

Ɗauki Bill Guthridge. Daga 1967 zuwa 1997, shekara 30 cur, yana zaune a gefen Dean Smith a Jami'ar North Carolina. An sha yi masa tayin ya je wani wuri ya zama mai gidan kansa, ya ƙi. A gabansa Michael Jordan ya zo ya wuce. Da Smith ya yi murabus aka ba shi kujerar yana da shekara 60, ya riƙe ta shekara uku kacal, sau biyu yana kai ƙungiyar jerin huɗu na ƙarshe, sannan ya ajiye. Wannan ba mai jiran gado ba ne. Zamansa irin na wazirin Sakkwato ne. Tun daga Giɗaɗo ɗan Laima, wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, har zuwa Waziri Junaidu da ya rasu a 1997, gidan Giɗaɗawa ba gidan neman sarautar Sarkin Musulmi ba ne, wazirci shi ne gadonsu, kuma babu mai hankalin da zai ce waziri sarki ne da ya kasa. Jon Scheyer kuma wani abu ne daban. Ya yi wa Jami'ar Duke wasa, yana cikin kyaftin-kyaftin ɗin da suka ci kofin ƙasa a 2010, ya dawo ya zauna a bencin Mike Krzyzewski, a 2021 aka sanar tun da sauran shekara guda cewa shi zai gaje shi, ya hau a 2022. Wannan yarima ne mai jiran gado, kowa ya sani, shi ma ya sani.

Amma galibin mataimaka ba waziri ba ne, ba yarima ba ne. Tsofaffin 'yan wasa ne da ƙafa ta gaji ko ba su kai ga zama ƙwararru ba, suna koyarwa suna koyo. Sunan da ya fi kama su a Hausa yana tsangaya. Yaro yakan shiga yana kolo, ya zama titibiri, ya zama gardi. Gardi ya bi hanyar da yaran ke bi yanzu, har yau bai gama nasa karatun ba, amma shi ke biya wa ƙanana, shi ke duba allunansu, shi ya san wanda ya yi fashi da wanda ba shi da lafiya. Malam yana can yana ji da manyan ɗalibai da baƙi, tsangaya kuwa a hannun gardawa take tafiya. Wata rana gardi ya samu izini ya ɗebi yara ya je ya kafa tasa. Babu wanda ke raina malami don an ce ya taɓa zama gardi, wanda bai taɓa zama ba shi ake tuhuma. Ba ina cewa gobe mai karanta labarin wasanni ya ce gardin koci ba. Kalmar tana da wasu 'yan uwa da za su ja masa dariya, ga gardawan kura da maciji, ga ƙaton gardin da ya ƙi aure. Mataimaki za ta ci gaba da zama, ba ta da magaji. Abin da nake so shi ne idan an faɗe ta a kan wannan sana'a, mai sauraro ya tuna da tsangaya, kada ya tuna da gidan gwamnati.

Akwai wani abu kuma da ya kamata ya dame mu. Wakama ba ita kaɗai ba ce. A watan Yuli na 2021, a Las Vegas, ƙungiyar maza ta Nijeriya, D'Tigers, suka doke Amurka da maki 90 da 87 a wasan share fage, karo na farko da wata ƙasar Afirka ta yi haka. Kocinsu Mike Brown a lokacin mataimakin Steve Kerr ne a Golden State Warriors. Wato manyan nasarorin da Nijeriya ta samu a 'yan shekarun nan, gardawan tsangayar wasu ne suka kawo mata su. Ba don babu gwanaye a gida ba. Sani Ahmed ya kai Kano Pillars matsayi na uku a gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka a Alƙahira a 2016, kuma ƙungiyoyi irin su Gombe Bulls da Bauchi Nets da Niger Potters sun daɗe suna fafatawa a rukunin Savannah na gasar ƙasa. Abin da muka rasa shi ne tsanin. A yawancin makarantunmu mutum ɗaya ne malamin wasanni, shi ne kocin ƙwallon ƙafa da na hannu da na tsere, shi ne rafali, shi ne mai ajiye ƙwallo a ofis. Inda babu na biyu a benci, ba abin mamaki ba ne sunan na biyun ya zama fanko a kunnen mutane.

Wurin da Arewa ta fi kusa da samun irin wannan tsangaya shi ne Zariya. A filin Jami'ar Ahmadu Bello wani Ba'amurke, Oliver Johnson, wanda kowa ya sani da OBJ, ya shafe shekaru masu yawa yana koya wa yara wasan, ɗalibai da 'yan gari. Cikin waɗanda suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda aka haifa a Ingila a 1970 aka kawo shi Zariya yana ƙarami, ya fara ƙwallon kwando yana ɗan shekara 13. Ya yi wasa a Kwalejin Bismarck State da ke North Dakota, ya yi 'yan shekaru yana wasa a Turai, bai yi wani suna ba. A 2002 ya fara yi wa Orlando Magic wani aiki ba da albashi ba, da kuɗin aljihunsa yake yawo ƙasa-ƙasa yana kallon matasa yana aiko da rahoton wanda ya ga zai yi. Wannan aikin har yanzu Hausa ba ta tsayar masa da suna ba. Ba dillali ba ne, don ba shi da la'ada. Ba zawarci ba ne, don shi gani kawai yake yi ya faɗa. Wasu na cewa mai farautar 'yan wasa, kuma ina ganin da ita za a ƙare. Daga farautar ya samu aiki mai albashi a Denver Nuggets, ya yi mataimakin babban manaja a Toronto Raptors, ya koma Denver yana babban manaja a 2010, ya dawo Toronto a 2013 ƙungiyar tana hannunsa.

A watan Mayu na 2018 Ujiri ya sallami kocinsa Dwane Casey, wanda a wannan kakar aka zaɓa gwarzon masu horarwa na NBA. Manyan sunaye suna nan a kasuwa, amma bai fita waje ba. Ya ɗauko Nick Nurse, tsohon ɗan wasan Jami'ar Northern Iowa wanda a can ya fara aikin mataimaki, ya yi shekaru yana horar da ƙananan ƙungiyoyi a Ingila, sannan ya shekara biyar yana zaune a gefen Casey. A kakarsa ta farko, a watan Yuni na 2019, Toronto ta doke Golden State ta ɗauki kofin NBA, karo na farko da kofin ya fita daga Amurka.